Sunan da ban faɗa ba a tashar Bur Sudan

Tun da aka rushe gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka na koma zama wajen 'yata a hawa na huɗu, fitar da ta rage mini ita ce zuwa shagon wani tela a unguwar Mansur. Bayan la'asar nake zuwa, ya jawo mini kujera bakin ƙofa, in zauna in ji Hausa. Bahaushen Sudan ne, ya ba hamsin baya, bakinsa da kekensa ba wanda ke hutawa. Yaƙi ya koro danginsa daga Umdurman zuwa Bur Sudan, kuma kullum ƙanwarsa na aiko masa hotuna a waya, yau layin ruwa, gobe 'ya'yanta. Ran nan ya miƙo mini wayar ya ce in ga inda suka fara sauka. Hoton wani dogon gini ne da farinsa ya koma ruwan toka, an shanya tufafi tsakanin ginshiƙansa. Na cire tabarau na goge na mayar. Tashar jirgin ƙasa ce. Rabona da ita tun ina ɗan shekara goma sha uku, amma na gane taga ta uku daga hagu tun kafin in gane ginin.

Tela ya ga na daɗe ban mayar masa da wayar ba. Ya ce, "Baba, ko ka ga budurwarka ce a ciki?" Na ce masa na san wurin. Ya yi dariya ya ce shi duk zatonsa da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, a hannu aka haife ni. Sai na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa matata ba har ta rasu: a bakin wannan tagar na yi kuskuren da ya raba ni da yayana, kuma har yau ban sani ba ko yana raye. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina karanta labarai da Hausa a gidan rediyo a Jidda, inda aka hore mu kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba. Don haka zan faɗi abin da na gani, wanda kuma ji na yi zan ce ji na yi.

Da dutsen teku aka gina tashar. Daga bakin ruwa ake saro shi yana da taushi, a yanka shi kamar sabulu, sai ya sha rana ya ƙeƙashe. In ka matsa kusa da bangon za ka ga ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wani wurin har da ɓawon katantanwa a maƙale, in ka goga yatsa ka lasa kuma ka ji gishiri. Mu dai mun lasa. Ginin dogo ne, hawa ɗaya, sai tsakiyarsa da ta ɗan ɗaga kai. Gabansa baranda ce mai bakan gizo a jere, irin wanda maginanmu ke ɗaurawa a soro, sai dai nasu na azara da laka ne a cikin ɗaki, wannan kuwa na dutse ne a fili, kowanne da dutse guda a ƙololuwa wanda aka ce shi ke riƙe da sauran. Kaurin bangon ya isa mutum ya zauna a cikin taga ya naɗe ƙafa. Tagogin na koren katako ne da aka jera a karkace, iska ta shiga, rana ta tsaya a waje. Ta ɓangaren dogo kuwa ginshiƙan ƙarfe ne sirara ɗauke da rufin kwano, kuma kullum da mutum a kan tsani yana shafa musu fenti, domin iskar teku cin ƙarfe take yi. Kafin ya gama wannan kan, wancan ya fara tsatsa. Ɗakunan jira sun bi daraja. Na farko har da fanka, mun hango ta ta ƙofa. Mu 'yan daraja ta huɗu ba mu da ɗaki, inuwar tankin ruwa ce tamu a bayan tasha. Ina tuna agogo a saman ƙofar tsakiya, amma a hoton ban gan shi ba. Ko an cire shi, ko ni na ɗauko shi daga wata tashar na ɗora a kan wannan, ba zan rantse ba.

Mu mutanen hanya ne. Iyayena sun baro ƙasar Haɗeja da niyyar hajji yayana yana goye, ni kuwa a hanya aka haife ni. Ana tafiya ana tsayawa, a yi noma a wannan gari, a yi dako a wancan, har muka zauna a Gadarif muna yankan riɗi a gonakin mutane. Can mahaifinmu ya rasu da damina. Kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Da kaka ta yi, Inna ta ce niyyar da ya ɗauko ba za ta ruɓe a Gadarif ba. Ta sa mu cikin wani ayari da ba mu san kowa a ciki ba sai a bakin jirgi, madugunsu ya karɓi tikitocin kowa ya zuba a jakarsa, muka hau.

Yayana shi ne ɗan farin Inna, kuma sunan kakanmu aka sa masa, wato surukinta. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Saboda haka duk gida Abba ake ce masa, ita kuwa ko Abban ba ta faɗa. In za ta kira shi sai ta kira ni, ta ce, "Gaya wa yayanka ya zo ya ci abinci," yana zaune kusa da ita ƙafarsu na kusan taɓa juna. Ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa tambayarsa jiki ba. In ya yi zazzaɓi, ni take turawa da jiƙo, ta tsaya a bayan zana tana jira in fito in faɗa mata ko ya sha. Ba wanda ya ga abin mamaki a nan. Mace da za ta rungumi ɗan farinta a gaban jama'a, a lokacinmu, sai a yi ta zancenta har ta tsufa. Shi ma Abba ya san zaman, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Tsokanata kawai yake yi, ya ce ni ne wayar tangarahun gidanmu.

A Hayya, inda dogon Kasala ke haɗuwa da na Atbara, jirgi ya tsaya shan ruwa da hantsi. Salkarmu ta bushe, Inna kuma tun safe ba ta jiƙa maƙoshi ba. Abba ne ya lura, ya saɓi salkar ya sauka. Famfo ɗaya ne, layin ya yi tsawo. Na ji usur, na ji taragu sun ja juna ɗaya bayan ɗaya, na leƙa ta taga na hango shi yana gudu a gefen dogo da cikakkiyar salka a kafaɗa, ruwa na tsiyaya a bayan rigarsa. Mutane suna yi masa ihu ya yar da ita. Bai yar ba. Da ya yar ina jin da ya kama taragon ƙarshe, amma wannan zato ne. Na juyo na ce, "Inna, jirgi ya bar Abba." Ta dubi matan da ke zaune gabanta, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce Allah ya kiyaye.

Muna isa Bur Sudan madugu ya kai mu taga ta uku, inda akawun tangarahu yake. Mutum ne siriri mai furfura a gemu, kuma ya saurare mu da kyau. Da yake Larabcina ya fi na kowa a wurin, ni aka tura gaba. Ya ce zai buga waya zuwa Hayya da duk tashoshin da ke tsakani, duk inda aka ga yaron a ɗora shi a jirgi na gaba. Ya tsoma alƙalami a tawada ya dubi Inna ya tambayi sunansa. Na fassara mata, ko da yake ta ji. Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

"Gaya masa yayanka ne," in ji ta.

Na san sunan. Usmanu ne, yana nan a bakina. Amma ban taɓa faɗinsa a gabanta ba, ban taɓa jin wani ya faɗa a gabanta ba, ga madugu da maza biyu tsaye a bayanmu. Na ji kamar in na faɗa na tuɓe mata mayafi a tsakiyar tasha. Na ce, "Abba." Ya tambayi sunan uba. Shi ma sunan mijinta ne, kuma kabarinsa bai gama bushewa ba. Na ce, "Malam." Akawun ya rubuta, ya ɗago kai ya tambaye ni ko haka yake a takardarsa. Takardar tana wuyan Abba a cikin 'yar jakar fata, da cikakken sunansa da na mahaifinmu.

Na ce, "Na'am."

Muna tsaye ya buga. Washegari amsa ta zo cewa babu mai wannan suna a Hayya. Sai daga baya na fahimci abin da ya kamata in fahimta tun a lokacin: saurayi baƙo, ba tikiti a hannunsa, in mai kaki ya tsare shi ya tambayi sunansa, na takarda zai faɗa.

Dokar hanya ita ce a jira wanda aka bari jirgi uku. Jirgin fasinja ba kullum yake zuwa ba, saboda haka muka yi kwana tara a gindin tankin nan. Aikina da safe shi ne in bi gefen dogo da kwano ina tsintar gutsattsarin kwal da ke faɗowa daga kan jirgi, da shi mata ke girki, tuwon ya fito yana warin hayaƙin inji. Daga nan in bi layin ruwa, ruwan da ko an sha ba ya kashe ƙishi. Sautin wurin na fi riƙewa. Ƙararrawar tagulla da ake bugawa in jirgi ya baro tashar da ke gaba da mu. Ƙaf-ƙaf ɗin tangarahu da ke fitowa ta tsakanin katakon taga har tsakar rana, lokacin da komai ya yi tsit. Hankaki a kan rufin kwano, suna tafiya kamar masu takalmi. Can ƙetaren ruwa kuma jiragen teku na yin wani kuka mai kauri da ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Kowace safiya nakan je in tsaya kusa da tagar da niyyar in ce wa akawun a gyara sunan. Sai in tuna na riga na ce masa na'am, kuma mutanen hanya sun tsorata mu cewa wanda ya yi wa ma'aikaci ƙarya ba ya ƙetare teku. In tsaya in tsaya, in goga yatsa a bango, in koma.

Akwai wani tsoho Bahaushe mai sayar da shayi a ƙarshen baranda, alhazai na ce masa Sarkin Tasha don tsokana. Shi ya ba ni tarihin wurin, ina wanke masa kofuna. Ya ce da ya zo yana saurayi babu gari a nan, sai kabarin wani waliyyi da masunta. Sawakin ce tashar jiragen ruwa, amma mashigarta ƙunci gare ta, manyan jirage ba sa iya juyawa, shi ya sa Turawa suka tsallake ta suka jawo dogo ta cikin duwatsu zuwa nan. Fatake suka biyo dogo, gidajen Sawakin suka fara zubewa. Wannan ɓangaren na karanta daga baya na tarar haka ne. Ya kuma ce shi da kansa ya ɗauki dutsen ginin nan a ka, shi da wasu mutanenmu da suka tsaya neman guzuri, har ya nuna mini bakan gizo na biyar ya ce nasa ne, duk tashar ba wanda ya kai shi miƙewa. Wannan kam ban samu mai tabbatar mini ba. Na tambaye shi me ya hana shi ƙetarewa. Ya ce bana ce ta zama baɗi, baɗi ta zama mata da 'ya'ya. "Ni ma jirgi nake jira, ɗana," in ji shi, "nawa dai na ruwa ne, kuma ba ya sauri." Shi ya gaya mini cewa waɗanda jirgi ya bari sukan maƙale a taragun auduga, su kuwa ba sa tsayawa a nan, can bakin jiragen ruwa suke wucewa. Na je sau biyu na zagaya cikin 'yan dako. Ban gan shi ba.

Jirgi na uku ya iso da azahar. Na tsaya a gindin ginshiƙi na ga kowa ya sauka, har masu shara suka hau. Inna tana can bayan tasha ta ba dogo baya tana tankaɗe, amma na lura garin da take tankaɗewa tun safe shi ne dai. Da la'asar madugu ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ita. Ya ce motocin Sawakin za su tashi da safe, can za a tsare mu kwanaki a duba lafiyarmu kafin jirgin ruwa, kuma wanda ya rasa wannan tafiyar ya rasa hajjin bana.

"Matar Malam, jirgi uku sun cika," in ji shi. "In kin ce a bar ku ku jira, a bar ku. Ba mai ganin laifinki."

Na san da ni ne jirgi ya bari, da ta zauna a ƙasa ta ce ko da igiya ba mai ja da ita. Amma ta ce za ta jira ɗan farinta, a gaban maza, a gaban matan da suka zuba mata ido, wannan bakinta ba zai iya ba. Ta ci gaba da kaɗa rariya.

"Ai ba yaro ba ne," in ji ta. "Ya san hanya."

Wata tsohuwa ta gyaɗa kai ta ce wannan ita ce mace mai kunya. Da safe Inna ta ba ni tabarmar Abba da ƙullin garin dawa ta ce in kai wa mai shayi ya ajiye. Ba ta ce na wane ne ba, shi ma bai tambaya ba. Na ce masa in an zo nema, mun yi Makka.

A Makka muka yi hajjinmu muka zauna, kamar yadda dubban mutanenmu suka zauna. Muka hau dutsen Nakkasa muka kafa ɗaki da gwangwani da katako, daga baya ya zama na bulo. Inna ta kama sayar da waina da koko. In lokacin hajji ya zo, duk inda alhazan Sudan suka sauka can take kai tirenta, ko da ciniki ya fi a wani wurin. Ranar da aka baro Muzdalifa, bayan rana ta fito motoci sun kwashe jama'a, sai ta bi filin tana duba waɗanda aka bari a baya, masu barci da waɗanda suka ɓace wa ayarinsu. Takan ce takalman da aka zubar take tsinta. Ba ta taɓa dawowa da takalmi ba. Ta ji abin da na faɗa a bakin tagar nan, domin Abba da Malam ba Larabci ba ne. Ni ma na ji abin da ta faɗa wa madugu. Mun zauna ɗaki ɗaya shekaru masu yawa, ba wanda ya tayar wa ɗan'uwansa da zancen.

Da na samu aikin rediyo, cigiyar alhazan da suka ɓace tana cikin abin da nake karantawa. Na takura wa kowa a kan suna. Ba na karɓar takarda sai da sunan yanka, da na uba, da wanda ake kiran mutum da shi a gida, har abokan aiki suka sa mini Malam Suna-Uku. Ina da makirufo a gabana, muryata na kaiwa har ƙetaren teku, amma ban yi cigiyar yayana ba, saboda Inna ba ta kashe rediyo in ina magana. Takan ajiye ta kusa da murhu ta ce wa maƙwabta ga ɗanta nan. Sai bayan da muka kai ta makwancinta na rubuta takardar da hannuna na sa a cikin sauran. Na karanta ta kowace shekara har na yi ritaya. Wasiƙu biyu suka zo, duka ba shi ba ne.

Yanzu 'yata kan leƙa ta baranda ta ƙwala wa ɗan farinta kira da sunansa har unguwa ta ji, ta sumbace shi a gaban baƙi, da Larabci suke faɗa da Larabci suke shiryawa. Ba na ganin laifinta. Sun taɓa ɗaukata a sabon jirgin nan mai gudu zuwa Jidda. Tashar duk gilashi ce da sanyi, ba ƙararrawa, ba hayaƙi, sunanka a tikiti sai ya dace da na takardarka harafi da harafi kafin ƙofa ta buɗe. Ba mai sauka ɗibar ruwa. Na zauna ina kallon duwatsu na wucewa ba sauti, jikana na tambayata me ya sa ban yi murna ba. A duk cigiyar yayana da na karanta, kwatancen gidanmu na Nakkasa na bayar, a hawan da ke sama da masallaci, kusa da mai gasa burodi. Yau in mutum ya bi wannan kwatancen fili zai tarar da motocin rusau.

Tela bai bar zancen ba. Ya sa ƙanwarsa ta shiga unguwar Hausawa a Bur Sudan tana tambaya. Bayan mako uku ta aiko cewa tsofaffi uku aka sani da labarin jirgi ya bar su danginsu sun ƙetare. Biyu sun rasu. Na ukun sunansa Usmanu, tsohon ɗan dako ne a bakin jiragen ruwa, yana hannun 'yarsa, ɓarin jikinsa ya shanye, hankalinsa kuma yana zuwa yana tafiya. Na ce wa tela a unguwar Hausawa kowane gida na huɗu da Usmanu a ciki. Ya ce in bar masa aikin jarida in zo ran Juma'a.

A shagon aka yi kiran, bayan an sauko daga masallaci. Tela ya kashe keke ya riƙe mini wayar. 'Yar tsohon ce ta fito, za ta yi shekara hamsin, Hausarta da gishirin Larabcin Sudan. Muka gaisa, na yi mata jajen halin da suke ciki, sannan na shiga tambaya yadda na saba. A wace tasha jirgin ya bar shi? Ta ce tana jin Hayya, ko Sinkat, a cikin duwatsu dai. Daga ina suka taso? Bai cika faɗa ba. Yana da ƙane? Ta ce ya taɓa cewa akwai na bayansa, amma mace ko namiji ba ta riƙe ba. Sunan ubansa? A takardarsa sunan mutumin da ya riƙe shi ne, ta farkon ta ɓace tun kafin a haife ta. Sunan uwarsa fa? Ta ce Inna kawai yake cewa. Malam bai yarda an yi mana tsaga ba, don haka ba abin da zan ce ta duba a kumatunsa.

Ta juya wayar. Tsoho ne kwance a kan gadon igiya, bakinsa ya karkace, idanunsa a buɗe. Na nemi goshin Malam a fuskarsa, na nemi hancin Inna. Wani lokaci in ga kamar akwai, hoton ya tsaya ya rarrabe, ya dawo in ga babu. Ɗan shekara goma sha bakwai na sani, mai gudu.

Na ce, "Usmanu."

Ya ce, "Na'am."

Na ce, "Abba." Can ya motsa baki ya tambaya ko ruwa ya zo. Tela ya kama hannuna ya matse. Amma 'yar ta ce haka yake tambaya wuni guda, saboda mai amalanken ruwa sai ya yi kwana biyu bai biyo ta layinsu ba. Ta mayar da wayar kan fuskarta, ta kira ni baffa da Larabcinsu, ta ce, "Ya ammi, yarana suna tambaya. Mu ce musu kai wane ne?"

Na ce ta ba ni lokaci.

Da aka kashe, tela ya yi mini faɗan da ba a yi mini irinsa ba tun ina yaro. Ya ce mutanen nan ba abin hannuna suke nema ba, dangi suke nema, kuma ni ma shi nake nema. "Ka ce eh mana, Baba. In shi ne, ka samu. In ba shi ba ne, wa ka cuta?" Na ce masa in ba shi ba ne, to na daina neman wancan ke nan, na sake barinsa a hanya. Ya ce in kuma shi ne fa?

Na tambayi 'yata ko akwai yadda za a yi in je in gan shi ido da ido. Ta lissafa mini ƙafafuna, da takarduna, da yaƙin, ta ce in yi haƙuri. An ce akwai gwajin jini da ke raba irin wannan gardama, amma ta can ɓangaren ba inda za a yi shi yanzu. Saboda haka duk Juma'a nakan je shago, tela ya kashe keke, 'yar tsohon nan ta juya wayar, mu dubi juna ni da shi har layin ya yanke. Yaranta na leƙowa su ce mini Alhaji. Wannan makon ta ce ya daina karɓar tuwo, sai kunu, shi ma cokali uku. Ba ta sake yi mini tambayar ko ni wane ne ba, amma ta daɗe ba ta kashe wayar ba. Juma'a mai zuwa za ta yi, in ya kai.